MUDU ƊAYA GA KOWA: Yadda Ɗaliban Jami'a Suke Yi wa Majalisun Jihohi Bincike a Amurka

Abubuwa da yawa da suke taɓa gonakinmu ba a bakin gona ake yanke su ba. Ƙa'idar yi wa ƙungiyar gama kai rajista, da harajin da ake karɓa a kan amfanin gona, da inda burtali zai bi, da kuɗin gyaran hanyar da muke fitar da hatsi zuwa kasuwa, galibinsu sai sun bi ta hannun Majalisar Dokoki ta Jiha. Idan wakilanmu sun san gaskiyar al'amari kafin su ɗaga hannu, akwai begen samun doka mai kyau. Idan kuwa ba su sani ba, ko kuwa an gaya masu rabin gaskiya, mu ne za mu ɗauki nauyin kuskurensu shekara da shekaru.

To, wa yake gaya wa wakili gaskiyar al'amari? A wannan fitowa muna so mu bayyana maku wani shiri da jihohin Amurka suka daɗe suna yi. Suna ɗaukar matasa waɗanda suka gama digiri na farko, ko suna cikin karatun digiri na biyu ko na uku, su ajiye su a majalisa wajen shekara guda, suna biyansu, domin su koyi yi wa wakilai bincike ba tare da bin wata jam'iyya ba.

ME YA SA MUKA DUBI AMURKA?

Tun daga shekarar 1979 Nijeriya ta ɗauki tsarin mulki irin na Amurka, watau shugaban ƙasa a sama, gwamna a kowace jiha, da majalisa dabam mai yin dokoki. Amurka tana da jihohi 50. A cikin 49 majalisar kashi biyu ce, ta wakilai da ta dattawa. Jihar Nebaraska kaɗai ke da majalisa ɗaya, kamar yadda kowace jiha cikin jihohinmu 36 take da ita. Idan aka haɗa 'yan majalisun jihohinsu duka, sun fi mutum 7,300.

Kada mu ɗauka dukansu masana ne. A jihohi da yawa aikin majalisa na 'yan watanni ne a shekara. Wakili yakan zama manomi, ko malamin makaranta, ko ɗan kasuwa, ya zo zama ya koma ga sana'arsa. A jihar Niyu Hamsha albashin ɗan majalisa dala 100 ne kawai a shekara. Duk da haka a zama guda za a kawo masa ɗaruruwan shirye-shiryen doka, wani a kan asibiti, wani a kan ruwan sha, wani a kan ciwon dabbobi. Ba mahalukin da ya san waɗannan duka.

Masu ba shi labari kuwa ba su da wuyar samu. Manyan kamfanoni suna da 'yan kamun ƙafa waɗanda ake biya domin su zauna kusa da majalisa. Ma'aikatun gwamna su ma suna kawo nasu lissafi. Amma kowannensu yana da abin da yake so. Mai sayar da taki ba zai kawo takardar da za ta rage masa ciniki ba, ma'aikata kuma ba ta cika tona asirin kanta ba. Saboda haka majalisa tana bukatar mutanenta na kanta, waɗanda ba su da kaya a kasuwar.

YADDA ABIN YA SOMA

Tushen wannan aiki yana jihar Wiskonsin, ƙasar manoma masu kiwon shanun madara. A shekarar 1901 wani saurayi mai suna Charles McCarthy ya gama digirinsa na dakta a Jami'ar Wiskonsin. Ɗan talakawa ne, iyayensa baƙi ne daga ƙasar Ailan, mahaifinsa ma'aikaci ne a masana'antar takalma. Aka ɗauke shi ƙaramin aiki na jera takardun gwamnati a ginin majalisa a birnin Madisan.

Da ya ga yadda wakilai daga ƙauyuka suke fama da dokokin da ba su gane ba, sai ya mai da ɗakin takardun nan wurin amsa tambaya. Idan wakili ya zo yana so ya san yadda wata jiha ta yi da kuɗin jirgin ƙasa ko rancen manoma, McCarthy da mataimakansa za su tattara dokokin wurare dabam dabam, su yanko labarai daga jaridu, su rubuta wasiƙu har zuwa ƙasashen Turai, su kawo masa amsa a taƙaice. Ɗaliban jami'a da malamansu suna taimakawa, gama jami'ar tana kusa da ginin majalisa. Waɗansu da suka koyi aiki a hannunsa suka tafi suka kafa irin wannan ofishi a waɗansu wurare.

Da aka ƙara wa ofishin aikin rubuta shirin doka, McCarthy ya kafa ƙa'idodi. Ba za a rubuta wa kowa shirin doka ba sai wakili ya kawo umarni a rubuce da sa hannunsa. Mai rubutawa kuma ba shi da izinin cusa nasa ra'ayi a ciki. Tunani na wakili ne, gama shi jama'a suka zaɓa.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye a labarin nan. McCarthy abokin Horace Plunkett ne, mutumin da ya kafa babbar ƙungiyar haɗa kan manoman Ailan a shekarar 1894, kuma ya ba da ƙarfinsa ƙwarai ga sha'anin gama kai. A shekarar 1911 majalisar Wiskonsin ta yi dokar ƙungiyoyin gama kai wadda waɗansu jihohi suka kwaikwaya daga baya. Ta tsaya a kan ƙa'idodin da mu ma muka sani: kowane ɗan ƙungiya ƙuri'a ɗaya, kuma a raba riba bisa ga yawan cinikin da mutum ya yi da ƙungiya. Kun ga ke nan ɗakin takardu ya kai har ga garken manomi.

A shekarar 1914 majalisar tarayyar Amurka ta kafa nata sashen bincike, ta yi koyi da abin da aka gani a Wiskonsin. A shekarar 1941 jihar Kalifoniya ta kafa ofishin da yake bin kasafin kuɗin gwamna layi layi, yana gaya wa majalisa abin da ya gani. Jihar Ohayo ta kafa nata a 1953. A hankali yawancin jihohi suka sami irin wannan ofishi.

OFISHIN DA BA YA BIN JAM'IYYA

Me ake nufi da cewa ofishi ba ya bin jam'iyya? Mu ɗauki misalin mudu. A kasuwar da ake da gaskiya, mudun da aka auna wa mai saye shi ne aka auna wa mai sayarwa. Ba a buga gindinsa ya lotsa domin wani, ba a kuma sake shi idan baƙo ya zo. Ranar da aka gane akwai mudu biyu a rumfa ɗaya, ranar mai rumfar ya rasa masu ciniki.

Haka ofishin bincike yake. Manyan jam'iyyun Amurka biyu ne, Dimokurat da Rifablikan. Idan wakilin wannan ya yi tambaya da safe, wakilin waccan ya yi irinta da yamma, amsa ɗaya za su samu. Ba a ɓoye lissafin da zai ɓata wa masu rinjaye rai. Ba a kuma gaya wa wani wakili abin da ɗan'uwansa ya zo ya tambaya. A Wiskonsin doka ce ta ce tilas ofishin ya nisanci jam'iyya sarai, ya kuma riƙe asirin masu tambaya. A wurare da yawa ana hana ma'aikatan irin wannan ofishi shiga yaƙin neman zaɓe.

Ofisoshin ba duka suke aiki iri ɗaya ba. Waɗansu suna kawo bayani kawai, ba su cewa a yi kaza. Na Kalifoniya kuwa yakan ba da shawara a kan kasafin kuɗi, amma yana ba da ita ko da wace jam'iyya ce take riƙe da kujerar gwamna.

MENE NE WANNAN GURBIN HORO?

Kalmar da suke kiran shirin da ita a Turanci ita ce wadda mu a ekklisiya muke fassarawa zumunta, kamar a Zumuntar Mata. Amma a nan ma'anarta dabam ce. Gurbi ne da ake ba mai ilimi na ɗan lokaci, a biya shi kuɗin da zai riƙe kansa, domin ya yi aiki yana koyo a ƙarƙashin waɗanda suka ƙware. Ya yi kama da yaron maƙeri, wanda yake zuga yana kallon hannun maigidansa, sai dai shi wannan da takarda da alƙalami yake nasa.

Ana shiga ta hanyar gasa. Mai nema yakan aika da sakamakon karatunsa, da wasiƙun shaida daga malamansa, da wani abin da ya rubuta da kansa, sa'an nan a kira shi a yi masa tambayoyi baki da baki. Ba sai wanda ya karanta shari'a ko siyasa ba. Ana ɗaukar wanda ya karanta noma, ko lissafi, ko kiwon lafiya, ko tarihi. Abin da ake nema shi ne mai iya bin diddigin magana, mai iya rubutu a fili, mai iya riƙe bakinsa.

Ga waɗansu misalai.

A Kalifoniya majalisar wakilai ta soma nata shiri a shekarar 1957, yana cikin mafi daɗewa a ƙasar. Ta dattawa ta bi baya a 1973. Kowace takan ɗauki mutum wajen 18 a shekara, su yi kusan wata 11 suna aiki cikakke, ana biyansu kowane wata, suna kuma halartar aji na babban digiri a jami'ar jiha da ke Sakramento, babban birnin jihar.

A Ilinoi an soma a 1961. Ɗalibai suna yin wata goma da rabi, jami'a kuma tana lissafa masu aikin cikin karatunsu. Wani mai suna Jim Edgar ya shiga shirin a 1968, daga baya ya zama gwamnan jihar daga 1991 zuwa 1999.

A Ohayo ofishin bincike na majalisa ne da kansa yake ɗaukar matasan, horon kuwa na wata 13 ne.

A shekarar 2009 wata majalisar masana kimiyya a Kalifoniya ta soma tura masu digirin dakta su yi shekara guda a majalisar dokoki, domin a sami mai bayyana wa wakilai sha'anin ruwa, da ƙasa, da magani. A jihar Mizuri kuma, ɗaliban babban digiri ne suka kafa wata ƙungiya wadda a shekarar 2020 ta soma ajiye masana kusa da majalisa. Idan wakili ya yi tambaya, sai su rubuta masa gajeren bayani a kan abin da binciken kimiyya ya nuna, har da sha'anin noma, ba tare da sun ce masa ya goyi baya ko ya ƙi ba.

Sai mu lura da wani bambanci. Gurabun iri biyu ne. A waɗansu, bayan an zaɓi ɗalibi ba tare da duban jam'iyyarsa ba, akan tura shi ofishin wani wakili ko na wata jam'iyya, ya yi masu hidima. Jim Edgar irin wannan ya yi. A waɗansu kuwa ɗalibi yana zama a ofishin bincike na majalisa duka, yana yi wa kowa aiki. Wannan na biyu shi ne muka fi sa wa ido a nan.

YADDA AIKIN YAKE TAFIYA

Domin mu gane aikin sosai, bari mu yi misali da abin da muka saba da shi a gida. A ce wani wakili ya kawo shirin doka cewa a riƙa karɓar haraji a kan kowane buhun masara da za a fitar daga jiha, a yi gyaran hanyoyin ƙauye da kuɗin. Shugaban kwamitin noma ya aika wa ofishin bincike tambaya, shugaban ofis kuma ya miƙa ta ga ɗalibi.

Da fari ɗalibin zai karanta dokokin da suke akwai. Watakila ƙaramar hukuma tana karɓar irin wannan haraji tun dā, sabon zai zama na biyu a kan buhu ɗaya. Watakila kuma tsarin mulki bai ba jiha ikon karɓarsa ba.

Na biyu, zai nemi lissafi. Buhu nawa ke fita a shekara? Zai tambayi ma'aikatar gona, da shugabannin kasuwa, da ƙungiyoyin manoma. Idan lissafinsu ya saɓa wa juna, tilas ya rubuta cewa ya saɓa, ya nuna inda kowane ya fito. Ba shi da izinin zaɓen wanda ya fi yi masa daɗi.

Na uku, zai duba ko wata jiha ta taɓa gwada irin wannan, da abin da ya biyo baya. Kuɗin ya shiga baitulmali? An gyara hanyoyin? Fatake sun sake hanya sun koma kasuwar maƙwabta?

Na huɗu, zai bi sawun nauyin ya ga kan wanda zai sauka. A takarda falke ne zai biya. Amma idan falke ya rage kuɗin da yake sayen buhu a ƙauye, manomi ne ya biya ke nan. Zai kuma lissafa abin da za a kashe wajen karɓar harajin, kamar albashin masu tsaron shinge da buga rasit, gama wani haraji yakan cinye rabin kansa kafin ya isa gida.

Daga ƙarshe zai rubuta abin da ya samu cikin shafi biyu ko uku, da harshen da wakili mai gaggawa zai gane. Wani babba a ofis zai karanta da jan alƙalami. Idan ya ga an rubuta “mugun haraji” ko “haraji mai albarka”, zai soke, gama waɗannan kalmomin masu gardama ne. Abin da zai rage shi ne: ga abin da dokar za ta yi, ga abin da za ta kawo, ga abin da za ta ci, ga waɗanda za ta taɓa. Yanke shawara kuma na wakilai ne.

A yawancin jihohin Amurka akan liƙa wa shirin doka wata takarda mai nuna kuɗin da zai ci wa jiha kafin a jefa ƙuri'a. Irin aikin da ake koya wa ɗaliban ke nan.

WA YAKE CIN RIBA?

Majalisa tana samun hannu mai ƙarfi a kan kuɗi kaɗan, da mutanen da suka fito daga aji da sabon sani. Ɗalibi yana koyon abin da ba a koyarwa a jami'a, watau yadda za ya taƙaita littafi guda cikin shafi ɗaya, da yadda za ya gaya wa babban mutum abin da ba ya so ya ji cikin ladabi. Da yawa sukan zauna a aikin gwamnati bayan horon. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya koyi auna magana da mudu ɗaya yana saurayi, da wuya ya manta sa'ad da ya zama babban sakatare ko alƙali.

Amma wanda ya fi kowa cin riba shi ne talakan da ba shi da ɗan kamun ƙafa. Kamfani yana da mai yi masa magana kullum. Ƙaramin manomi kuwa, abin da zai tsaya masa a ɗakin kwamiti shi ne lissafi na gaskiya.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga masu karanta Littafi Mai Tsarki. A farkon Littafin Daniyel mun ga an zaɓi samari masu fahimi, aka ba su abinci daga fāda, aka koya masu shekara uku domin su yi hidima a gaban sarki. Daniyel ya yi aiki a ƙarƙashin sarakunan Babila, da mulki ya koma hannun Mediyawa da Farisawa aka ci gaba da amfani da shi. Maƙiyansa suka binciki aikinsa, ba su sami ha'inci a ciki ba. Ma'aikacin da sabon mai mulki zai iya amincewa da shi kamar yadda tsohon ya amince, shi ne irin wanda wannan horo yake nema ya fitar.

INDA SHIRIN YAKE DA RAUNI

Ba mu ce abin ba shi da aibi ba. Na farko, ofishin yana ci daga hannun waɗanda wani lokaci yake ɓata wa rai. A shekarar 1915 sabon gwamnan Wiskonsin, Emanuel Philipp, ya nemi a rushe ofishin McCarthy, yana zarginsa da zama masana'antar ƙera dokoki mai karkata ga masu neman sauyi. Ofishin ya tsira, gama wakilai sun riga sun ɗanɗana amfaninsa. A Kalifoniya kuwa, a shekarar 1990 jama'a suka jefa ƙuri'ar rage kuɗin majalisa, ofishin binciken kasafi ya rasa ma'aikata da yawa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Saboda haka tilas a duba inda kuɗin horon yake fitowa. Idan mai sayar da maganin feshi ne yake biyan ɗalibin da zai yi bincike a kan dokar feshi, mudu ya riga ya lotsa.

Na biyu, ɗalibi ya san littafi, amma watakila bai taɓa riƙe fartanya ba. Yana aiki da abin da aka rubuta. Abin da ba a rubuta ba, kamar asarar da mace mai sayar da gyaɗa take yi a shingen hanya, ba zai gan shi ba sai wani ya kawo masa.

Na uku, takarda mai kyau ba ta tilasta wa kowa. Wakili yana iya karanta gaskiya sarai, ya ajiye ta, ya bi umarnin jam'iyyarsa. Abin da binciken yake yi shi ne ya hana shi cewa bai sani ba.

MU FA A NAN GIDA?

Bisa ga tsarin mulkin 1999, kowace Majalisar Dokoki ta Jiha tana da wakilai daga 24 zuwa 40, ana zaɓensu na shekara huɗu. Su ne suke amincewa da kasafin kuɗin jiha. Shirin doka yakan bi karatu na farko da na biyu, a tura shi kwamiti, a yi karatu na uku, sa'an nan a kai wa gwamna, wanda yake da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, kashi biyu cikin uku na wakilai suna iya mai da shi doka.

Dokokin da suka shafi ƙasa da kiwo sun nuna mana nauyin abin. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta kafa, ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965, da dokar hana kiwon sake da majalisar jihar Binuwai ta yi a 2017, dukansu sun taɓa rayuwar manomi da makiyayi. Ko mutum yana goyon bayan irin waɗannan dokoki ko yana ƙinsu, zai yarda cewa bai kamata a yi su da ji-ta-ji-ta ba.

Akwai abin da aka riga aka soma a ƙasarmu. A shekarar 2011 aka kafa cibiyar nazarin ayyukan majalisa ta ƙasa a Abuja bisa doka, wadda yanzu ake kira NILDS. Tana yin bincike, tana horar da 'yan majalisa da ma'aikatansu, har da na jihohi, tana kuma ba da babban digiri tare da Jami'ar Benin. Wata ƙungiya mai zaman kanta da ake kira PLAC ta yi shekaru tana tura matasa masu digiri su koyi aiki na 'yan makonni a kwamitocin Majalisar Tarayya. Masana kuma muna da su kusa: Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom, da jami'o'in Jos, Makurɗi, Yola da sauransu, inda ɗaliban digiri na biyu suke rubuta bincike a kan taki da iri da kasuwa kowace shekara. Yawancin wannan aiki a kan kanta yake ƙarewa. Abin da jihohin Amurka suka yi shi ne sun gina gada tsakanin kantar jami'a da teburin kwamiti, kuma gadar ba ta da tsada idan aka gwada ta da hasarar da muguwar doka ɗaya take jawowa.

ABIN DA ƘUNGIYARMU ZA TA IYA YI

1. Mu riƙe littattafanmu da kyau. Sakatare ya rubuta yawan gonakin 'yan ƙungiya, da buhunan da aka samu, da farashin kaka da na bazara, da kuɗin taki, da kowane haraji da aka karɓa a hanya tare da rasit. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna wurin kafin a gyara. Duk mai binciken da ya zo, littafin nan ne zai yi magana dominmu.

2. Mu tambayi wakilinmu. Idan ya zo gida, shugabannin ƙungiya su same shi cikin girmamawa su ce, “Ranka ya daɗe, wa yake yi maku bincike kafin ku jefa ƙuri'a? Majalisarmu tana da sashen bincike? Mutum nawa ne a ciki? Za a iya kawo ɗaliban jami'ar jiharmu su yi shekara guda a can?”

3. Mu halarci zaman jin ra'ayin jama'a. Sa'ad da kwamiti ya kira irin wannan zama a kan dokar da ta shafi noma, ƙungiyoyi biyar ko goma su haɗu su aika da wakilai da takarda ɗaya mai lissafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

4. Mu ƙarfafa 'ya'yanmu. Yaron da aka yi renonsa da kuɗin masara, ya je jami'a, shi ne ya fi dacewa da wannan aiki, gama ya san littafi ya kuma san kunya. Iyaye da pastoci su nuna masa cewa hidima a ofishin majalisa ita ma kira ce.

Amma a nan akwai gargaɗi, kuma a kanmu yake. Idan ɗanmu ya sami irin wannan gurbi, kada mu sa ran zai zama bakin ekklisiya ko na ƙabilarmu a ofis. Ranar da muka matsa masa ya karkata lissafi dominmu, mun lalatar da abin da muke nema. Tilas ya auna wa Musulmi da Kirista da mudu ɗaya, ya auna wa manomi da makiyayi da mudu ɗaya, ko da amsar ba ta yi mana daɗi ba. Littafi Mai Tsarki ya yi gargaɗi sau da dama a kan ma'aunin algus, bai kuwa ce an yarda da shi idan domin 'yan'uwa aka yi ba.

TAMBAYOYI DOMIN TARON ƘUNGIYA

1. Wace doka ce ta jiha ko ta ƙaramar hukuma ta fi taɓa aikinmu a shekaru biyar da suka wuce? An tambaye mu kafin a yi ta?

2. Idan mai bincike ya zo ƙauyenmu gobe, wane lissafi muke da shi a rubuce da za mu ba shi?

3. Su wa muke da su a jami'a yanzu daga cikin 'ya'yan 'yan ƙungiya, me kuma suke karantawa?

4. Za mu yarda da binciken gaskiya idan ya nuna cewa abin da muke roƙo zai cuci maƙwabtanmu?

Sakatare ya rubuta amsoshin, ya ba malamin gona na gunduma sa'ad da ya zo zagaye. A rufe taro da addu'a domin 'yan majalisar jiharmu da ma'aikatansu, Allah ya ba su masu faɗa masu gaskiya, ya kuma ba su kunnen ji.